Ƙwaya Biyu Daga Aljihun Yaya Sabo

"Umma, wai da gaske so kike Abba ya mutu, shi ya sa kika ɓoye masa maganinsa?"

Fadila ce ta yi tambayar, 'yar shekara shida, tana tsaye a tsakiyar falo da ɓarin lemo a hannu. Mata 'yan dubiya bakwai ne a zaune, nan take kowacce ta sami abin kallo a jikin kafet. Uwar yarinyar, Nafisat, ta sauke tiren ruwa a kan tebur, ta gyara goyon da ke bayanta, sannan ta durƙusa daidai tsawon 'yarta.

"Wa ya gaya miki haka?"

"Baba Sabo ne ya faɗa wa Gwaggo Mariya a bakin ƙofa. Ya ce ko dai ba ki da ilimi, ko kuma kina da wata manufa. Umma, mene ne manufa?"

Gwaggo Mariya, yayar maigidan, tana cikin matan da ke zaune. Ta buɗe jakarta ta shiga neman abin da ba ta saka a ciki ba.

"Je ki wanke hannunki," in ji Nafisat. "Abbanki zai warke, in sha Allahu. Likita ce ta ce a ajiye maganin."

Kwana goma sha ɗaya ke nan da yi wa mijinta Jamaluddeen aiki a Abuja. Ma'aikacin gwamnati ne mai awon filaye, shekararsa arba'in da ɗaya, kuma tun kafin aurensu yake shan maganin hawan jini. Wani ciwon baya da ya ƙi jin man zafi ne ya kai shi ɗaukar hoto, hoton kuwa ya nuna babbar jijiyar da ke ɗauko jini daga zuciya ta kumbura a cikin ƙirjinsa, tana dab da fashewa. Likitoci suka bi ta cinyarsa suka zura wani bututu, suka shimfiɗa shi a cikin jijiyar ya tare wurin kumburin. Aiki ya yi kyau. Ranar da za a sallame su, Dakta Atika, wadda ta jagoranci aikin, ta zaunar da Nafisat, ta juya bayan wata takarda ta yi mata zane.

"Kin ga wannan? Laka ce, wadda ke cikin ƙashin baya, ita ke kai wa ƙafafu saƙo. Jinin da take sha ta wasu ƙananan jijiyoyi yake zuwa, waɗanda suka tsiro daga jikin babbar. Bututun da muka sa ya toshe bakin wasunsu, ba yadda za a yi. Yanzu ta 'yan hanyoyin gefe take samu, kafin jiki ya buɗe su sosai. Gidanku ruwan famfo yana zuwa?"

"In ya zo da ƙarfi. Mu ne ƙarshen layi."

"To lakarsa ita ce ƙarshen layi yanzu. In jininsa ya sauka, ita za ta fara rasawa. In kuma ta daɗe ba ta samu ba, ƙafafun sun tafi ke nan."

Nafisat malamar firamare ce, ta san abin da ba a rubuta a allo ba mantawa ake yi. Suna dawowa gidansu na Unguwar Shanu ta kwafe umarnin likita da manyan baƙaƙe, ta manna a bango saitin kan gadon mijinta. Kada ya sha maganin hawan jini sai an koma asibiti an ce ya sha. Lambar sama ta awon jini ta tsaya tsakanin ɗari da talatin zuwa ɗari da sittin. Ya riƙa shan ruwa. Safe da yamma ya ɗaga kowace ƙafa, ya motsa yatsu. Ta riƙa duban bakinsa ko ya karkace, ta saurari maganarsa ko ta lauye, don wannan ɓangaren na ƙwaƙwalwa ne. Ƙwayoyin kuwa ta kulle su a durowar kayan jariri. A zatonta ta gama tsaro. Ta manta da Yaya Sabo.

Alhaji Sabo shi ne babban wan Jamaluddeen, shi ya riƙe shi bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya nema masa aure, kuma bai taɓa bari a manta da ko ɗaya daga ciki ba. Shekara talatin da biyar ya yi a ma'aikatar lafiya, a sashen da ake ajiye fayil-fayil ɗin hutun ma'aikata. Allura bai taɓa riƙewa ba, amma rabin unguwarsu ta Abakpa Dakta suke ce masa, shi kuma bai taɓa gyara wa kowa ba. Da ya yi ritaya sai ya sayi na'urar awon jini ya ɗinka mata jakar fata. Wurin ɗaurin aure da ita yake zuwa, wurin suna da ita, har zaman makoki ya taɓa auna mai takaba ya yi mata faɗa a kan gishiri.

Wannan Juma'ar, ana saukowa daga masallaci ya iso gidan. Bai gama amsa gaisuwa ba ya naɗe hannun rigar ƙanensa ya ɗaura na'ura.

"Ɗari da hamsin da biyu," ya faɗa da ƙarfi, kamar mai shelar sakamakon zaɓe. "Jamalu, yaushe rabonka da magani?"

"An ce in dakata ne, Yaya."

"Wa ya ce?"

Jamaluddeen ya nuna bango da haɓa. Alhaji Sabo ya sa tabarau, ya karanta takardar tun daga sama har ƙasa yana motsa leɓe, sannan ya aika a kira Nafisat. Ta shigo ta durƙusa daga bakin ƙofa, kanta a sunkuye, yadda ta saba yi masa shekara takwas.

"Maman Fadila, wannan darasin 'yan aji nawa ne kika manna mana?"

"Umarnin likitar da ta yi aikin ne, Yaya."

"Likitar. Mace ce ma ashe. Shekarunta za su kai nawa?"

"Ban tambaya ba, Yaya."

"Ai ba za ki tambaya ba. To bari in koya miki abu ɗaya, kyauta. Hawan jini ne ya kumbura jijiyar nan. An je an gyara. Sai kuma a ce a bar jinin ya ci gaba da hawa? Wannan ko direban ofishinmu aka gaya wa sai ya yi dariya."

"Ta ce na ɗan lokaci ne, saboda laka. Ga lambarta, Yaya, in za a kira ta, tana ɗauka."

"Ni zan kira yarinya ta koya mini awon jini? Lokacin da na shiga ma'aikatar lafiya, ƙila ko yaye ta ba a yi ba. Ina maganin?"

Nafisat ta kafe idonta a kan tayil. Ta jira mijinta ya sa baki, shi kuwa ya duƙufa gyaran bargo. Alhaji Sabo ya tattara na'urarsa ya fita yana girgiza kai, a bakin ƙofa ya haɗu da Gwaggo Mariya ya sauke mata ra'ayinsa a kunnen yarinya.

Washegari Asabar, ƙarfe goma na safe ya dawo, da abokansa biyu da filas a hannu. Nafisat ta riga ta auna mijinta, ɗari da arba'in da takwas, ya ɗaga ƙafafu biyu lafiya lau har yana tsokanarta wai ta mayar da shi ɗan faretin makaranta. Ta gaishe da baƙin daga bakin ƙofa, ta koma kicin. Matar ƙane ba ta zama a ɗaki in wan miji yana ciki da manyan baƙi, kowa ya san wannan, ita ma da shi aka raine ta. Ga kuma tuwon mutum ashirin da ke jiranta, don 'yan dubiya a garin nan da yunwarsu suke zuwa. Ta kicin tana jiyo dariyarsu, ana labarin gwamnonin soja da lokacin da fansho yake fansho.

Ana kiran azahar ta ji dariyar ta ɗauke. Sai muryar mijinta, ƙasa-ƙasa.

"Nafi. Zo mana."

Wannan karon ba ta durƙusa ba. Ta same shi zaune a bakin gado, ya dafa katifa da hannu biyu, goshinsa ya jiƙe da gumi. Ya so tashi alwala ne, ƙafafun suka ƙi.

"Sun yi mini nauyi. Kamar ba nawa ba."

"Ɗaga ta dama."

Ta ɗan ja a ƙasa, ba ta tashi ba. Ta hagu ko motsi. Nafisat ta fizgo tata na'urar daga kan durowa ta ɗaura masa. Casa'in da huɗu.

"Me ka sha?"

Jamaluddeen ya kalli wansa. Alhaji Sabo ya leƙo ya ga lambar, fuskarsa ta washe.

"Kin gani ko? Casa'in da huɗu, cikin awa uku. Abin da likitocinku suka kasa a kwana goma sha biyu. Tunda kin kulle nasa, na ba shi nawa. Ƙwaya biyu, saboda ya rama kwanakin da ya yi asara. Na haɗa masa da zoɓo da tafarnuwa, ba sukari."

"Abban Fadila, ka karanta takardar nan da bakinka. Kai ka ce in ƙara girman rubutun."

"Yaya ne ya miƙo mini, Nafi, a gaban mutane. Ya zan yi?"

Ta dube shi, mutum mai shekara arba'in da ɗaya, wanda ke tsayawa a daji ya raba rigimar iyaka tsakanin ƙauyuka biyu, amma ya kasa ce wa wansa a'a a kan ƙafafunsa. Ba ta da lokacin wannan. Ta zare matasan kai ta watsar, ta kama kafaɗunsa ta kwantar da shi rigingine, ta ɗauko waya ta kira Dakta Atika.

Kafin kiran ya shiga, ɗakin ya cika da likitoci. Ɗaya daga abokan Alhaji ya ce zama ne ya yi yawa, jini ya kwanta a ƙafa, a shafa man zafi a murza. Ɗayan ya ce shi ma ya taɓa yin haka a jirgin Makka, da ya taka sau uku ta sake shi, a kama shi a tsayar. Gwaggo Mariya ta shigo tana salati, ta ce wannan ba na asibiti ba ne, akwai malami a Rigasa da ke tofi a kan irin wannan, amma sai bayan la'asar yake ganin mutane. Alhaji Sabo ya yanke hukunci cewa a yi sallah, a ci abinci, in zuwa magariba bai saki ba sai a san abin yi.

Nafisat ta buɗe muryar wayar kowa ya ji.

"Dakta, Nafisat ce, matar Jamaluddeen. Ƙafafunsa sun yi nauyi, ta hagu ba ta motsi. Jininsa casa'in da huɗu. An ba shi maganin hawan jini ƙwaya biyu da ƙarfe goma."

"Yana kwance?"

"Na kwantar da shi."

"Madalla. Ce masa ya yi murmushi, ya ɗaga hannu biyu, ya faɗi sunansa."

Ya yi duka, bakinsa daidai, maganarsa fes.

"To ƙwaƙwalwa lafiya, laka ce. Wane magani aka ba shi? Wanda ya bayar yana kusa? Ya karanto mini sunan."

Alhaji Sabo ya laluba aljihu ya zaro kwalaye biyu, ya karanta sunayen yana tuntuɓe a kan baƙaƙen, sannan ya gyara murya.

"Dakta, da yake ni ma tsohon ma'aikacin lafiya ne, shekara talatin da biyar..."

"Baba, ba ni matarsa. Nafisat, saurara. Kada ya zauna, kada ya tsaya, kada a murza komai. A kwance za ku ɗauke shi. Zan turo miki sunan asibiti yanzu, nan cikin Kaduna, suna da ɗakin kulawa ta musamman. Ki nemi Dakta Suhaib, ina kiransa. Duk minti ɗaya da kika ɓata, daga ƙafarsa ake cirewa."

Alhaji Sabo ya ce ga motarsa a waje, a zaunar da shi a baya a jingina masa matashi, minti goma ne. Nafisat ta kwance goyonta ta ɗora wa Gwaggo Mariya a cinya, ta fita da gudu ba mayafi ta buga ƙofar maƙwabcinsu Malam Muhammad, wanda ke jan motar kai yara Islamiyya. Ya cire kujerar tsakiya, aka shimfiɗa katifar Fadila. Maza huɗu suka kama gefen bargo suka ɗauko Jamaluddeen. Da suka zo fita, Alhaji Sabo yana tsaye a tsakiyar ƙofa, hannu a baya, yana bayanin cewa a saninsa gaggawa ita ke ɓata aikin lafiya.

Nafisat ta ɗago ta dubi tsakiyar idonsa, karon farko tun da aka kawo ta gidan.

"Yaya, matsa daga ƙofar nan."

Ya matsa. Ƙila mamaki ne ya matsar da shi.

A asibiti Dakta Suhaib yana jiransu a bakin ƙofa da gado mai taya. Aka sa wa Jamaluddeen ruwa a hannu biyu, aka haɗa da maganin da ke ɗaga jini, aka ɗora masa iska a hanci. Gwaji ya nuna jininsa ma ya yi ƙaranci tun bayan aiki, aka ɗaura masa leda guda. Sannan likitan ya fito da takarda Nafisat ta sa hannu.

"Akwai wani ruwa da ke kewaye da laka," in ji shi. "In ta kumbura, ruwan nan yana matse ta, jini ya kasa shiga. Za mu sa siririn bututu a bayansa mu riƙa rage ruwan kaɗan-kaɗan, mu kuma tura jini da ƙarfi. Yana da nasa haɗarin, zan karanta miki. Amma in ba mu yi ba, ban ga hanyar da ƙafar za ta dawo ba."

Ta saurara har ƙarshe, ta sa hannu.

Alhaji Sabo ya biyo su a motarsa, da jakar fatarsa. Ya gabatar da kansa ga mai gadi, ga mai shara, ga wata nas da ke sauri da tire. Ta gilashin ƙofa ya hango allon da ke saman gadon ƙanensa, lambar ta haura ɗari da hamsin da biyar. Ya ƙwanƙwasa gilashi.

"Ke 'yan mata, ba kya gani? Yana hawa fa."

Nas ɗin ta leƙo. "Awa guda muka yi muna neman ya hau, Baba. Ga benci can, a zauna."

Duk bayan rabin awa Dakta Suhaib yakan yaye bargo ya ce a motsa yatsu. Sau huɗu babu labari. Nafisat tana tsaye a ƙarshen gado, rigarta ta jiƙe da nono don rabonta da jariri tun azahar, idonta a kan ƙafafun nan biyu da take yanke wa farce duk Juma'a. Bayan la'asar, a karo na biyar, babban yatsan dama ya lanƙwasa. Likitan ya ce a sake, ya sake. Kafin rana ta faɗi ya ɗaga diddigen daman daga katifa. Ta hagu sai a rana ta biyu ta fara amsawa, ita ma da ƙyar, kamar wadda ake roƙo.

Kwana uku aka cire bututun bayan, mako uku aka sallame shi. Ƙafar dama ta dawo garau. Ta hagu ta dawo rabi: yana takawa, amma jan ta yake yi, kuma sai da sanda. Masu gashin ƙashi sun ce za ta ƙara ƙarfi, ba su ce za ta koma yadda take ba. A ofis an ɗauke shi daga fita daji, an ba shi tebur. Dakta Suhaib ya gaya wa Nafisat cewa da sun jira magariba, da keken guragu za a tura shi gida.

A Abakpa kuwa labarin daban ne. A majalisar Alhaji Sabo, aikin Abuja ne bai yi kyau ba tun farko, likitocin zamani ba su da ƙwarewa, kuma komai ƙaddara ne. Ƙwaya biyu ba su cikin labarin. Abin da ya fi damun dangi shi ne matar ƙane ta ɗaga wa babban wa murya a gaban baƙi, har Gwaggo Mariya ta zo takanas ta ce ya kamata a je a ba shi haƙuri. Nafisat ta je. Ta durƙusa, ta ce a yafe mata ɗaga murya, ya ce ya yafe, yarinta ce. Har ya ce ta miƙo hannu ya auna ta. Ta ce ta gode, tana sauri.

Tun daga ranar, duk wanda ya zo duba Jamaluddeen, ko limamin unguwa ne, zai tarar da kujera a gefen gado da Nafisat a kai, jariri a cinya. Tuwo ya ƙone in ya ga dama. Filas ko ƙullin leda kuwa a falo ake ajiye su.

Ke da kike karanta wannan, ko kai, in aka yi wa naku aiki a babbar jijiyar jini, kada ƙwaya ɗaya ta shiga bakinsa sai wadda likitan da ya yi aikin ya rubuta, ko wa ya miƙo ta, ko da wanda ya biya muku sadaki ne. Kada ku bar shi shi kaɗai da masu dubiya saboda kunya. In ya ce ƙafa ta yi nauyi, ko kuka ga baki ya karkace, ku kwantar da shi, ku kira likitan, ku kama hanyar asibiti a lokacin nan, kada ku tsaya sauraron kowa a ɗakin.